Man Gyaɗa a Fiffiken Jirgi

Ina da wani ɗan hali da ban cika faɗa ba: idan aka yabi aikin wani maƙeri a gabana, tari ne ke kama ni. Ba na ƙaryata mai yabon, tari kawai nake yi har ya sauya magana. Matata Rahamatu ta ce shekara ashirin tana sauraron wannan tari, kuma ya fi tsanani idan an ambaci ƙaninta Lurwanu.

Sana'armu ɗaya da shi. Ni a Gwarzo, shi a Kabo, muna yanka garwar kananzir mu yi fitilar aci-balbal da mazurari da moɗa. Na girme shi da shekara goma sha ɗaya, ina kuma tuna wa mutane haka ko ba su tambaya ba.

A zamanin Turawa akwai wani Baturen gona da muke kira Mai Lofe, yakan zo rangadi duba irin gyaɗa. An ce ya tuƙa jirgin sama a lokacin yaƙi. Wata rana ya sa aka kira mu mu biyu bariki, ya shimfiɗa mana hoton jirgi, ya ce kowa ya ƙera masa irinsa, tsawon kamu ɗaya. Ban da fenti, ƙarfen yake so ya fito tsirara. Sannan ya ba kowannenmu 'yar takarda mai ɗauke da tambura, zobba ja da fari da shuɗi, da wasu lambobi. Ya gwada mana da guda: a tsoma a ruwan ɗumi, a jira tambarin ya saki takardar, a zame shi kan ƙarfe, a danne da tsumma. Wanda nasa ya fi kyau, in ji shi, zai ɗauke shi a mota zuwa filin jirgi na Kano ya ga na gaske, har ya taɓa.

Ni kuwa duk jirgin da na taɓa gani daga ƙasa ne, bai wuce girman shirwa ba. Kafin la'asar rabin kasuwa sun ji cewa ni Mato zan je Kano. Har sabuwar taguwa na sa tela ya ɗinka mini.

Bayan kwana tara na hau jaki na nufi Kabo, wai zan gaida surukai. Na tarar da jirgin Lurwanu a kan buzu. Inda ya haɗa fiffike da dalma ko alamar haɗi babu. Tari ya taso.

"Yaya Mato, sannu da zuwa! Ya hanya? Ya Yaya Rahamatu? Wannan tari haka, a kawo ruwa?"

"Hayaƙin gawayinka ne," na ce.

"Ai ko wuta ban hura ba yau. Amma dama kai nake jira. Gobe zan shafe shi da man gyaɗa in liƙa tamburan. Ko ya ka gani?"

Duk maƙeri ya san haka ake yi. Kaya ba ya zuwa kasuwa sai an shafe shi da mai, ya yi sheƙi, tsatsa ta ƙyale shi. A nan ne shaiɗan ya matso ya zauna kusa da ni a kan buzun.

"Mai? Haba Lurwanu, ai wannan aikin ƙauye ne. Goge shi da toka da lemon tsami, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe ƙarau. Ko yatsa kada ka ɗora masa."

"Ba zai dushe ba, Yaya?"

"Ni da na girme ka da shekara goma sha ɗaya kake tambaya?"

Ya yi godiya har da rusunawa, ya ƙulla mini goro. Na karɓa kuwa. Da na koma gida na shafa wa nawa mai sau uku, har ina ganin haƙorana a jikinsa, sannan na ɗora tamburan.

Ranar da muka kai bariki, aka ajiye su a kan tebur a rana. Nawa yana walƙiya, na Lurwanu yana gefe shiru. Na gyara hula. Mai Lofe ya ɗaga nawa, ya karkata shi. Zoben da ke kan fiffiken dama ya taso a hankali, ya gangaro, ya manne a babban yatsansa. Na hagu ya biyo baya. Lambobin suka taru a wutsiya, inda kiyashi suka riga suka yi layi. Ya dubi yatsan, ya sunsuna jirgin.

"Malam Mato," ya ce, "wannan jirgi ne ko ƙosai?"

Ya ɗauki na Lurwanu ya murza tambarin da yatsa. Ko motsi bai yi ba, kamar tare aka ƙera su da ƙarfen.

Lurwanu ya tafi Kano a gidan gaban motar Mai Lofe, sanye da sabuwar taguwata, don Rahamatu ta ce ba za a bar ta ta tsufa a akwati ba. Ya dawo yana ba da labarin tayar jirgi da ta kai masa ƙirji. Na yi tari har aka dafa mini citta.

Har yau, daga Garo zuwa Durun, duk wanda ya tambaye shi yadda aka yi tambarinsa ya zauna, sai ya ce Yaya Mato ne ya koya masa. Kuma ni ne na koya masa.