Daima a Gidan Makoki

Matata Warde ta tsayar da ni a bakin ƙofa tana kakkaɓe mini kafaɗar baƙar kwat. Ta ce, "Tanyos, don girman Allah, yau ɗaya dai ka riƙe bakinka. Ka gaisa, ka ci, ka yi addu'a, ka taso."

Na ce, "Ke kam kin mayar da ni yaro. Yau na fara zuwa gidan makoki?"

Ta ce, "Gidan makoki ka saba. Wannan gidan ne ba ka saba ba."

Gaskiyarta. Gidan surukina ne, Mikha'il, wanda kowa ke kira Abu Jad, kuma rabon da in taka shi tun ranar bikin 'yata Nayla da ɗansa Jad. Ni sana'ata dafa araƙ, barasarmu ta inabi, gadon ubana da kakana, kuma duk ƙauyukan da ke kan dutsen Batrun babu wanda bai san kwalbata ba. Shi kuwa Mikha'il da tsufansa ya tsiro da wata sabuwa: giyar sha'ir irin ta 'yan zamani. Yana sayo wani fure mai ɗaci daga Turai, sauran kayan kuwa shi da kansa yake hawa dutse da buhu ya tsinko, ganyayen ƙamshi irin su za'atar da maryamiyya, har da wasu 'ya'yan itatuwa da awaki kaɗai ke kulawa da su.

Ranar bikin ya kawo mini kofin giyar tasa da hannunsa a gaban jama'a. Ko sunsunawa ban yi ba. Na ce, "Abu Jad, in jiƙon ciyawa nake so ai sai in tambayi akuyata." Mutane suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Daga ranar in mun haɗu a hanya kowa sai ya ga abin kallo a wancan gefen. Ni ban ga laifina ba, wasa ne, muna yi tun muna kiwo tare. Amma Nayla ce ta kwana a ciki. Ta haifi ɗa namiji, jikana na fari, ban taɓa ɗaukarsa ba. Daga nesa nake hango ƙeyarsa a coci.

To, Mikha'il ya faɗi a gonarsa, zuciya, bai ƙara tashi ba. Na je jana'iza na tsaya a baya. Sai ga shi ana gobe addu'ar arba'in Nayla ta aiko cewa in zo gidan bayan an fito daga coci, matar marigayin, Umm Jad, ta yarda. Na san abin da wannan ke nufi. In na shiga lafiya na fito lafiya, ƙofar ta buɗe ke nan, kuma baftismar yaron na tafe.

Mun tarar falon cike, maza gefe, mata gefe, an jera kujerun roba har baranda. Jad ya miƙo mini hannu, yatsu kawai, ya ce, "Sannu da zuwa, Kawu." Na yi masa ta'aziyya. Na je gaban Umm Jad na sunkuyar da kai na yi mata. Ta rame, baƙin mayafin ya yi mata yawa. Ta ce, "Zauna, Abu Ramiz," sunan da ake girmama ni da shi ke nan, ta nuna mini kujera kusa da Abuna, limamin cocinmu. Kujerar manya! Zuciyata ta yi sanyi.

Aka zagayo da gahawa mai ɗaci. A wurinmu in ka sha abu a gidan mutum ka ajiye kofi, cewa kake "Daima," wato Allah ya dawwamar da wannan zama a gidan nan. Yaro ma da ita yake koyon magana. Wuri ɗaya ne ba a faɗinta, gidan mutuwa, don wa zai roƙa wa mutane makoki ya dawwama a gidansu? Can sai dai ka ce Allah ya jiƙansa. Na kurɓe gahawata, na kaɗa kofin, na ce, "Allah ya jiƙansa," da murya mai kyau. Na saci kallon Warde a cikin mata, ta ɗan gyaɗa kai.

Aka ci shinkafa da nama. Ban yi musu da kowa ba. Har Elias mai gareji ya ce zaitun ɗin bana ya fi na bara, ƙarya tsagwaronta, na haɗiye na ce haka ne.

Da aka kwashe kwanuka sai Jad ya miƙe ya yi gyaran murya. Ya ce kafin babansa ya rasu ya bar dahuwa ɗaya ta giyarsa a ɗakin ƙasa, ta ganyen da ya tsinko da bazarar nan, ita ce ta ƙarshe. Ya ce sun san ba a saba ba, amma sun tambayi Abuna, kuma suna so mazan da suka san shi kowa ya ɗanɗana ya yi masa addu'a. Abuna ya shafa gemu ya ce, "Aikin hannun mamaci ne, babu laifi."

Nayla ce ta shigo da faranti. Ta wuce kowa, har Abuna, ta tsaya a gabana. Ta miƙo mini kofi. Duk falon ya zuba mini ido, don babu wanda ya manta maganar akuya. Na ce a raina, Tanyos, ko guba ce ka shanye, ka yi murmushi. Na shirya fuskata yadda mutum ke shirya wa maganin zazzaɓi.

Abin launin zuma ne, da ɗan duhu-duhu, kumfa a sama. Na kai hanci. Kai! Sai na ji dutsenmu bayan ruwan farko, jiƙaƙƙen za'atar da ƙaron itace. Na kurɓa. Ɗaci ne ya fara dukan harshena, mai ƙarfi, har na ce to ga ta nan. Amma bai tsaya ba, ya buɗe, sai ga ɓawon lemu, sai ga maryamiyya can ƙasa-ƙasa, ba irin wadda uwa ke dafa wa mai ciwon ciki ba, ɗanya, mai sanyi. Can a ƙarshe, bayan na haɗiye, wani ɗan zaƙi ya taso, na 'ya'yan itacen nan baƙaƙe da muke cika aljihu da su ni da Mikha'il in mun kai awaki bayan tsohon coci, mu dawo da baƙin baki uwayenmu su yi ta faɗa.

Ni na san aikin wuta da tukunya, a ciki na tsufa. Na san abin da ake kira hannu. Mutumin nan yana da hannu, wallahi yana da shi. Na ƙara kurɓa, babba. Na manta da kujerun roba, na manta da baƙaƙen kaya, na manta da wanda ya mutu. Daɗi ya ɗebe ni. Na dire kofin a kan tebur da ƙarfi, na tsotsi leɓe, na buɗe baki da muryar da nake kiran mutum daga wancan tsauni:

"Daima! Wallahi daima!"

Kafin ta gama fita na ji ta. Da ana kamo magana da hannu da na kamo ta. Daga cikin mata na ji Warde ta ce, "Ya Maryam!" Elias ya tsaya da kofi a bakinsa. Abuna ya kalli takalmansa. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye sau biyu, kamar ta ga maciji a ɗaki.

Na ce, "A'a, nufina... Allah ya jiƙansa. Allah ya jiƙansa nake nufi." Muryata ta koma ta ɗan tsako. Zufa ta karyo mini har cikin kwat. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta rufe, a dasa zaitun a kai.

Umm Jad ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Ta ba ni amsar da ake ba baƙo a ranar farin ciki, a hankali, kowa na ji. Ta ce, "Ranka ya dawwama, Abu Ramiz." Sai ta ƙara, "Kai dai naka ya dawwama."

Jad ya tako. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce, "Yana da rai ka mayar da shi abin dariya. Yanzu da ya mutu ka zo har ɗakinsa kana yi mana fatan mu dawwama a haka?"

Na ce, "Jad, ɗana, wallahi daɗinta ne..."

"Kada ka ce mini ɗanka."

Abuna ya ce, "Haba Jad, tuntuɓen harshe ne, kowa na yi."

Elias ya ce ƙasa-ƙasa, amma yadda za a ji, "Harshen Abu Ramiz dai kullum a kan mutum ɗaya yake tuntuɓe."

Da wata rana ce da Elias ya ji abin da bai taɓa ji ba, shi da garejinsa da kakansa. Ranar ban iya ko ɗaga ido ba. Jad ya sa hannu ya ɗauke kofin daga gabana, da sauran rabi a ciki, ya miƙa wa Nayla. Bai ce in fita ba. Ya je ya buɗe ƙofar falon ya tsaya a gefenta.

Tsakanin kujerata da ƙofar nan ba nisa, amma sai da na bi ta gaban kowa, ina cewa a gafarce ni, mutane na janye gwiwoyi ba mai kallona. Na yi karo da wata kujera ta faɗi, na tsaya na tayar da ita. Warde ba ta biyo ni ba, kuma ban ga laifinta ba, dole wani ya zauna ya wanke abin da na zubar.

Na kai ƙofar waje na ji taku a bayana. Nayla ce, ɗauke da hulata da na manta. Idonta ya kumbura. Daga cikin gida ina jin yaron yana kuka, an tashe shi daga barci.

Na ce, "Nayla, ki yarda da ni. Ban taɓa shan abu mai daɗin wannan ba. Shi ya ja."

Ta ce, "Na sani, Baba. Ina gabanka, na ga fuskarka."

"To ki gaya musu mana!"

"In gaya wa wa? Tun ranar da aka binne shi nake bin matar nan ina roƙo, ina bin Jad ina roƙo. Na ce musu babana ba mugu ba ne, baki ne kawai gare shi, ku ba shi kofi ɗaya ku gani. Ni na ce a fara da kai." Ta share hanci da bayan hannu. "Yanzu duk wanda ke cikin ɗakin can ya rantse da gangan ka yi."

Na ce, "Baftismar fa?"

Ta miƙo mini hular. Ta ce, "Coci ɗakin Allah ne, ba mai hana ka tsayawa a baya."

Na ce, "Bari in koma in durƙusa wa Umm Jad. Yanzun nan. A gaban kowa."

Ta tare hanya da jikinta. Ta ce, "Baba, don Allah ka tafi gida. Kai in ka sauka gangaren nan shi ke nan, ka isa ɗakinka. Ni a nan zan kwana."

Ta ja ƙofar ƙarfen a hankali don kada ta yi ƙara, na ji ta zura sakata.