Amalanken Ubale

"Ƙara leƙawa, Larai," in ji Hussaina, "ko sun taru."

Na leƙa zaure. Liman ne da tsofaffi biyu a kan tabarma, ga mijinta Barau an gama masa sutura tun hantsi. Ba ko majiyin ƙarfi ɗaya da zai kama makara.

Barau fa, jama'a. Shekarar da 'yan bindiga suka kore shanun ƙauyenmu, shi ya fara saɓa bindigar toka ya shiga sa-kai. Lokacin duk gidan da aka sauke tuwo sai an fitar da kwanon 'yan sa-kai. Makwabcinmu Ubale ke jera kwanukan a amalankensa na shanu ya kai musu bakin daji, mu mata muna bin sa da guɗa.

Yaƙi ya ƙi ƙarewa. Zawarawa suka yi yawa, gonakin nesa suka koma daji, kwanuka suka yi ta raguwa. Da aka yi sulhu da mutanen daji, bakunan da suka yi masa kirari su suka koma cewa su Barau ne suka ja mana.

Harbin da aka yi masa a cinya ne ya ƙi warkewa. Yana kwance ya tambaye ni, "Larai, mi ya sa ban ƙara jin amalanken nan ba?" Na ce masa shanun na huɗa.

Na ja mayafi na nufi gidan Ubale, raina a ɓace.

"Malam Ubale, makwabcinka na kwance babu mai ɗauka. Ko kunya ba ku ji?"

Bai yarda mun haɗa ido ba. "Mutanen daji na da masu kai masu labari, Larai. Wanda duk aka gani bayan gawar ɗan sa-kai, shi da gona sai kallo. Dawata ta nuna. Ɗiyana mi za su ci?"

Wallahi na so in zage shi, na rasa ta inda zan fara.

"To, ara mana amalanken."

Ya ɗaura wa shanun karkiya, ya kai su ƙofar gidan Barau, ya miƙa wa liman igiya, ya koma gida ya ja ƙyaure.

Ni da Hussaina muka tsaya bayan danga. Aka ɗora gawar, amalanken ya kama tsohuwar hanyarsa, don maƙabarta ma can bakin dajin take. Tsakanin katakai wani murfin kwano ya maƙale tun wancan zamani, yana ta ƙara har suka sha kwana.