Kofi a Bakin Taga

Kaka ta rasu tana da shekara casa'in da ɗaya, ta bar makullai goma sha huɗu a zobe guda. Ba ko ɗaya da ke buɗe ƙofar gidanmu.

Na tsofaffin unguwa ne, waɗanda 'ya'yansu suka watse suka bar su su kaɗai. Shekara arba'in tana wannan aikin, ba wanda ya sa ta. Ƙa'idarta ɗaya ce: in ka tashi lafiya, ka ajiye kofi a bakin tagarka. Da hantsi takan bi layi-layi tana duban tagogi. In ta ga kofi ta wuce. In babu, ta sa makulli ta shiga.

Ni kuwa tun da na bar makaranta ban zauna wuri ɗaya ba. Gareji, wankin mota, dako. "Ƙafar yawo," haka take kirana, "maigidan da ba a gani sai cikinsa ya yi kuka." In na ce ai gadonta na yi, sai ta ce, "Ni yawona ya san inda za shi."

Kwana tara da rasuwarta na sami aiki a wani gari mai nisa. Mota za ta tashi ƙarfe sha ɗaya. Umma ta ce, "Kafin ka tafi ka mayar wa mutane makullansu. Jiya ina shara na ji sun motsa a jikin ƙusar da aka rataye su."

"Iska ce, Umma."

"Da taga a rufe?"

Kaka ba ta iya rubutu ba, zare mai launi ta ɗaura wa kowane makulli. Na bi gida-gida, kowa na zaɓar nasa. Abin da ya tsaya min a rai, kofunan suna nan a tagogi.

Na tambayi tsohuwar nas da ke bayanmu, "Iya, wa kike ajiye wa?"

"Hannu ne ya saba, jikana. Kuma da hantsi ina jin ƙarar makullan suna wucewa."

"Ai ni ne."

"Yau kai ne. Jiya fa?"

Ƙarfe goma da rabi, saura makulli ɗaya mai baƙin zare. Mai shagon kan kwana ya juya shi, ya ce, "Na Tela ne, can saman bene. A nan kakarka kan tsaya ta ɗaga kai."

Na ɗaga kai. Tagar hawa na uku, ba kofi.

"Yaushe rabonka da ganin kofinsa?"

"Ni da ke fama da masu sayen sabulu, ina ni ina kallon sama? Aikin kakarka ne."

Wayata ta yi ƙara. Direba ne. "Kai kaɗai muke jira, ɗan samari. In ka wuce minti goma, kujerarka ta wani ce."

Na miƙa wa mai shago makullin, har ya buɗe hannu. Sai na ga na mayar da shi aljihu, na kama matakala.

Na buga ƙofa, shiru. Na buɗe. Tela na kwance a ƙasa tsakanin keken ɗinki da gado, leɓɓansa sun tsage, kofin na gefen hannunsa. Idanunsa sun yi yana, ba ya gani sosai. Ƙarar zoben ya ji.

"Kin makara, Yaya," ya ce da ƙyar. Ashe ba wanda ya hau ya gaya masa Kaka ta rasu.

Na ɗiga masa ruwa a baki, na kira motar asibiti.

"Shekaranjiya na faɗi," ya ce. "Jiya na ji ki a bakin ƙofa. Kika ce in yi haƙuri, makullin ba ya hannunki, amma za ki turo."

Na riƙe hannunsa har masu asibiti suka iso. Wayar ta yi ta ruri a aljihuna har ta gaji.

Washegari na koma gidajen nan sha uku ina karɓar abin da na rabar. Ban gama sallama ba tsohuwar nas ta miƙo nata ta taga.

Tela ya tashi, da sanda. Wata biyar ke nan ina bin layin. Umma ta ce makullan sun daina motsi a ƙusa. Ni dai wani lokacin, in na tsaya gaban shago na ɗaga kai, nakan ji kamar wani ya tsaya a bayana yana duba tare da ni. Ba na waiwayawa.