Kunnen Celestina

Ni fa tun muna cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, na gaya wa Kaneng, in mun samu 'yar tata a lallaɓa ta. Ba ta ji ba. Ƙawata ce tun Jos, na san zafin zuciyarta.

Wani ɗan cocinmu ne ya kira ta, ya ce ya ga 'yarta Celestina zaune dirshan a ƙofar wani katafaren kanti a tsakiyar Manchester, cikin 'yan jami'a masu zanga-zanga. Wai an mai da Kirsimeti kasuwa, hukumar gari na rufe laburare da gidajen renon yara, kantuna kuma na zuga talaka ya yi sayayya. Gaskiyarsu ce, ban musa ba. Amma sauran yaran 'yan ƙasa ne. Celestina kuwa takardun zamanta na hannun hukuma ana dubawa, in aka kama ta shi ke nan.

Muka tarar sun sarƙe hannuwa sun tare ƙofa, masu sayayya na ta tsaki. Babban 'yan sanda na sanarwa cewa duk wanda bai tashi ba za a ɗauke shi.

Kaneng ta kutsa ta durƙusa, ta roƙe ta da Hausa, ta roƙe ta da Berom. 'Yar nema ta amsa da Turancinta na nan, wai ba za ta bar abokanta ba. Ga shi an fara ɗaga na gefe.

Sai Kaneng ta yi abin da uwa za ta yi a gida. Ta murɗe mata kunne ta tashe ta tsaye, ta ƙara mata da mari. Nan da nan aka ɗago wayoyi sama ana ɗaukar bidiyo.

Wata 'yar sanda ta riƙe hannun Kaneng. Na shiga tsakani ina ta bayani, uwarta ce fa, ceton ta take yi. Ko kallona ba ta yi ba. Celestina na kuka tana roƙo a saki mamanta, suka ce duka ne, kuma a gabansu aka yi. Raina ya ɓaci. Kaneng aikin kula da tsofaffi take yi, kuma da wannan tabo babu gidan da zai sake ɗaukar ta.

Da za a sa ta a mota, ni ta waiwayo ta duba.

"Scholastica, ita ba su rubuta sunanta ba ko?"

Na ce ba su rubuta ba.

"To, kai min ita gida."