Likkafanin Yaya Kye-wol

Yang Chil-bong ya dire kwalin a kan kantar gidan waya, ya buga shi da tafin hannu.

"Wonsan," ya ce. "Koriya ta Arewa. Auna."

Muna tsaye a bayansa, ni da Ko Chun-ja mai ɗinki, don mu muka rako shi daga kasuwa. Mu ukun nan kwalekwale guda ya tsallako da mu teku zuwa birnin Osaka, ƙasar baƙi, daga tsibirinmu na Jeju a Koriya, shekarar da sojoji ke ƙone ƙauyuka. Kwana tara a ƙarƙashin tulin kifi. Ƙarti sun mutu a hanya, mu yara muka fito muna tambayar abinci. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk masu ilimin da suka yi mini dariya, da ni aka binne su. Chil-bong ma irina ne. Sai dai shi ba da ƙafarsa ya fito daga jirgin ba, yayarsa Kye-wol ce ta goyo shi.

Fiye da shekara sittin ke nan da Kye-wol ta bi jirgin da ke kwasar mutanenmu zuwa Arewa, wai can babu yunwa. Shi ya ƙi zuwa. Ba su ƙara sa juna a ido ba. Bara wasiƙarta ta zo, Chun-ja ta karanta masa. Ba magani take so ba, ba sukari ba. "Ka aiko mini da kayan da za a binne ni," in ji ta. "Maƙwabciyata a buhun taki aka sa ta."

A wajenmu likkafani riga ce da zane na zaren rama. Ana ɗinka shi a shekarar da wata ɗaya ke zuwa sau biyu a lissafinmu na gargajiya, ba a ƙulla zaren ko sau ɗaya, kuma mai rai ba ya sa shi. Wanda ya fara sawa, nasa ne. Bana watan ya zo, Chun-ja ta ƙarar da sauran idonta a kan ɗinkin.

Ma'aikaciyar, wata mai gilashi da ake kira Kuwabara, ta dubi adireshin, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ba ka ji labarai ba? Gwamnati ta ƙara wa takunkumin hana tura kaya Koriya ta Arewa shekara biyu."

"An ce yau zai ƙare. Sha uku ga wata. Har da'ira na sa aka yi mini a kalanda."

"Yau zai ƙare, shi ya sa aka sabunta shi tun makon jiya."

"Haka kuka ce wancan karon. Da na bayansa. Ke yarinya, ina tura kaya daga kantar nan tun ba a yaye uwarki ba. Yayata ce ta harba makamin da ya jawo takunkumin? Shekararta tamanin da shida, haƙoranta biyu. Wanda ya harba yana can yana cin nama."

"Ka yi haƙuri, Baba. Bari in gani."

Ta buɗe kwalin, ta murza ƙyallen tsakanin yatsunta.

"Wannan sabo ne fil, kuma mai daraja. A takarda haja ce, ba ta fita. Da tufafi ne da aka riga aka sa, sai in rubuta taimakon ɗan'uwa, 'yan kwastan su duba."

Chun-ja ta matso. "To ki rubuta an sa mana, 'yar nan. Wa zai sani?"

"Inna, ga kamara can a sama. Aikina ke nan."

Chil-bong ya dubi rigar. Sai ya fara ɓalle maɓallan kwat ɗinsa.

"Chil-bong!" Chun-ja ta riƙe masa hannu. "Ka haukace? Ajiye!"

"Sake ni, tsohuwa. Harsashi ya neme ni bai same ni ba. Teku ta tofar da ni. Likita ya yanke rabin cikina, washegari na sha giya. Riga ce za ta kashe ni?"

Haka ya faɗa, amma na san shi shekara saba'in da biyar, ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ni kaina, da ba a haifi abin da nake tsoro ba, sai da na ja baya taku ɗaya.

Ya zura rigar a kan tasa. Hannuwanta suka rufe masa yatsu, don ana ɗinka ta da yalwa saboda gawa ba ta lanƙwasa. Ya ɗaura zanen. Ya taka har bakin ƙofa, ramar na ƙara kamar busasshen ganye, ya dawo. Mutanen layi kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

"Yanzu an sa?" ya ce. "Rubuta."

Kuwabara ta rubuta. Ta ninke kayan da hannu biyu, ta liƙe kwalin, ta buga hatimi.

"Ban yi maka alkawari ba, Baba. In kwastan suka ƙi, zai dawo maka nan da wata uku."

Muka fito cikin ranar tsaka. Chun-ja na tafe tana goge ido da bakin hannun rigarta.

"Ka ɓata mini aikin wata guda, ɗan banza. Yanzu ko ya isa, ba nata ba ne."

"Ba za ta sani ba. Ke ke rubuta wasiƙar, ki ce mata ko ƙura bai taɓa ba."

"In ya dawo fa?"

Ya tsaya a bakin titi yana jiran fitilar ba da hannu, ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

"Ai kin gani da idonki," ya ce. "Ya yi mini daidai a kafaɗa."