Cefanen Mutum Ɗaya

Matata Aissa ta rasu wata biyu bayan soji sun karɓi mulki, a shekara ta biyar ta fari. Su sun sami ƙasa, ni na sami madafa, kuma dukanmu ba wanda ya san abin da zai yi da rabonsa.

Bayan sadakar arba'in, 'yata Binta ta aiko wasiƙa daga Damagaram. Ta ce Illiya, ƙanen mijinta mai tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, zai biyo ta Agadas ƙarshen wata. In ya same ni a rame, ta umarce shi ya ɗauko ni da tabarmata. Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan nan da Aissa. Ba ni da niyyar in ƙare a zauren suruki, ana miƙo mini tuwo kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Kuɗin antire, fanshon tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ba su da yawa, hatsi kuwa ya ninka uku. Amma na yi karatu. Na taɓa karanta wani littafin masu gina gada da ya ce kafin ka gina ka je ka ga yadda mutane ke ƙetare ruwan, sannan ka gwada ƙarama, in ta faɗi ka sake. Na ce cefane bai fi gada wuya ba.

Kwana uku na zauna a kasuwa kusa da masu gishirin Bilma, ban sayi komai ba, ina kallo. Na ga matan da suka iya ba sa zuwa da safe. Sai la'asar, lokacin da tumatirin Timia ya yi laushi, mai shi kuma ya fara tunanin hanya. Na ga kashin nama mafi ƙanƙanta an yi shi ne don mutum huɗu. Babu wanda ya tsara kasuwar nan da gwauro a ransa.

Gwajin farko shinkafa da sardin. Ya yi daɗi, ya kuma cinye rabon mako a kwana biyu. Gwaji na biyu jar dawar taimako da ake rabawa a layi, soja na tsaye da bulala yana koya mana haƙuri. Aka ce a ƙasar da ta fito dabbobi ake ba. Cikina ya gaskata zancen har kwana uku.

Gwaji na uku na yi alfahari da shi. Tiya biyu ta hatsi tsaba, dabino busasshe, cuku kaɗan. Fura da rana, tuwo da maraice, ba abin da zai lalace a zafi. Na ɗauko kayana na dawo gida, na zube su a tsakar gida, sai na tsaya ina kallon hatsin. Tsaba ce. Ba a cin tsaba.

Na jawo turmin Aissa, na ɗaga taɓarya. Bugu na biyar rabin hatsin yana ƙasa, kafaɗata tana wuta. Sai muryar Kande, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta haye katanga, tana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci.

"Mushe Alkasum, wa kake kashewa a ciki?"

"Surfe nake, Kande."

"Surfe? Na ɗauka jaki ne ya faɗa rijiya. Ka yayyafa ruwa kuwa?"

"Ana sa ruwa?"

Ta yi dariya har da tari. "Yaran garin nan duka kai ka koya musu lissafi. Ita marigayiya kullum kafin ka farka ta gama wannan, kana tsammanin gari daga sama yake zuwa?"

Na kwana uku ina kallon matan kasuwa, na kasa kallon mace ɗaya a gidana shekara talatin da ɗaya.

Washegari Kande ta turo mini Fatouma, ɗaya daga cikin makiyayan da dabbobinsu suka ƙare, suka kafa bukkoki a bayan gari. Doguwa ce, ba ta da yawan Hausa. Na tambaye ta ladanta.

"Dusa," ta ce.

"Kina da akuya?"

"Ina da 'ya'ya."

Haka muka tsara. Ni in je kasuwa da la'asar ranar Litinin da Alhamis, ita ta zo da hantsi ta surfa, ta daka, ta tafi da dusa. Daga baya na lura tana surfen da sauƙin hannu, don kada in ce ta ci hatsina cikin dusar. Na koyi barin mudu guda a gefen turmi ina duban wani wuri. Ba mu taɓa yin hira ba. In tana daka, nakan shiga ɗaki in rufe ido ina sauraren turmin Aissa, in ta tafi in fito.

Illiya ya iso ranar ashirin da tara. Da na ji labarin kamiyonsa, na karya tsarina, na sayi kashin nama guda da albasa, na sa Fatouma ta yi miya ta gaske. Ya yi sallama tana tsakar daka.

"Baba, amarya aka yi ba a gaya mana ba?"

"Dusa ce sadakin. Shigo ka ga ko na rame."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya leƙa tukunya, ya yi murmushi. "Wallahi ka fi ni ƙiba. Zan gaya wa Yaya Binta ta kwantar da hankalinta, ba inda za ka."

"To zauna mu ci."

"Ayya Baba, da so samu ne. Ayari zai tashi yanzu, in soji suka rufe shinge sai gobe."

Ko ruwa bai sha ba. Na raka shi bakin ƙofa, na tsaya har ƙarar motar ta ɓace wajen hanyar Damagaram. Na ci nasara, gidan nawa ne.

Fatouma ta tattara dusarta. Na ce ta zauna ta ci, ta girgiza kai, ta nuna hanyar bayan gari. Na juye mata kashi uku cikin huɗu na miyar a kwanonta. Sauran na kai inuwa, na zauna, na ci a hankali.