Amsar da Ta Zo a Makare

Mai aski mutum ne mai baki. A shagonsa sirri ba ya kwana. Kafin ya gama gyara maka ƙeya ya ba ka labarin unguwa kaf, har da wanda ba ka tambaya ba. Magana guda ce ko da wasa ba ta taɓa suɓuce masa ba, ita ce maganar autarsa.

Auta 'yar aji huɗu ce, kuma ta daɗe tana fama. Firgita, ihu ba dalili, ta yi ta tsinkar gashin kanta. Da aka gaji da yawon neman magani aka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya rubuta mata wata 'yar ƙwaya fara. Firgitar ta lafa, alhamdu lillahi. Sai dai likitan ya faɗa masa ƙarara: "Maganin nan zai iya sa ta barci, tunaninta kuma ya yi nauyi. Ka gaya wa makarantarsu. In abin ya yi yawa ku dawo in rage."

Mai aski ya ce to, amma a bakin ƙofar likita ya bar wannan to ɗin. Ya gaya wa makaranta? Yau malamai su ji, gobe yara su ji, jibi a zo aski ana ƙus-ƙus cewa 'yarsa asibitin mahaukata ake kai ta? Allah ya sawwaƙe! Ya ɗauki reza ya kankare takardar jikin kwalbar maganin tas, ya mayar da aljihunsa ma'ajiyarta don kada baƙo ya gani a gida. Kullum a hanyar makaranta kuma yana yi wa yarinyar bita.

"In an tambaye ki, me za ki ce?"

"Lafiyata ƙalau, ba na shan komai."

"Yawwa 'yar albarka."

Ana haka malamar ajinsu ta aiko a kira shi. Ta ce shugabar makaranta na shirin mayar da Auta aji uku, gara ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo. Aka zaunar da shi a bayan aji kan bencin yara, ƙaton mutum, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Malama tana da salonta na lissafin ka: ta jefa tambaya, ta ɗan jira, ta buga rula kan tebur. Rula na sauka, wanda bai amsa ba ya miƙe tsaye, a wuce.

"Auta, shida sau huɗu?"

Auta ta ɗago kai a hankali. Idanunta sun yi luhu-luhu, leɓenta a bushe, yana motsi amma ba abin da ya fito. Rula ta sauka. Auta ta miƙe. Malama ta wuce kan wasu da wasu tambayoyin, ta gama, ta ce a rufe lissafi a fito da littafin karatu. Ana ta buɗe jakunkuna sai ga muryar Auta daga inda take tsaye:

"Ashirin da huɗu."

Aji ya kwashe da dariya. Wata mai tsiwa ta ce, "Sannu da zuwa, sai yanzu motar taki ta iso?"

Mai aski ya sa hannu ƙarƙashin benci ya ƙirga da yatsu. Daidai ne. Wallahi daidai ne. Kunya ta rufe shi, gumi ya tsattsafo masa a wuya, ya rasa inda zai sa idonsa.

Da aka fita hutun tara Malama ta riƙe Auta, ta jawo wa uban kujera.

"Baban Auta, bara yarinyar nan ita ke riga kowa ɗaga hannu. Yanzu ga ta nan. Akwai yaran da iyayensu suka yi mana bayani. Muna sa su bencin gaba, ba na buga musu rula, a jarrabawa ma ana ƙara musu lokaci. Amma in ban san komai ba, me zan ce wa shugaba? Ko akwai abin da ke damunta?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. Bakin ne ya riga shi, don ya saba.

Malama ta dube shi, ta juya wajen yarinyar, ta sassauta murya. "Auta, gaya mini. Kina shan wani magani?"

Leɓen Auta ya fara motsi, goshinta ya tattare, tana ta laluben abin da za ta ce. Wannan karon babu rula. Mai aski ya zauna yana kallon 'yarsa tana wahala a gabansa, ya ji ba zai iya ba. Ya zura hannu aljihu ya fito da kwalbar ya ajiye kan tebur.

"Tana sha, Malama. Likitan ƙwaƙwalwa ne ya ba ta. Ya ce in gaya muku, ni ne ban faɗa ba."

Malama ta juya kwalbar tana neman sunan maganin, ba komai sai sawun reza. Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuma da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce daga gobe Auta ta dawo bencin gaba, maganar aji uku kuma ita za ta je wurin shugaba, shi kuma ya koma wurin likita a duba maganin. Yana ta gyaɗa kai, idonsa na ƙasa.

A lokacin ne amsar Auta ta iso.

"Lafiyata ƙalau, Malama. Ba na shan komai."

Ta faɗe ta tiryan-tiryan, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Sannan ta juyo ta kalli babanta, tana jira ya ce yawwa.